Gidan Wa Ka Sauka?

Ana ta cewa a Agadas baƙo ba ya samun aiki sai da takardar shaidar wani babba na garin. Baturiya, tsohuwar malamar lakwal, wato makarantar boko, ba ta yarda ba.

Ta sami Marwan, makanisiye mai gyaran mota daga Cadi, mako uku yana yawon neman aiki da dipilom, yana kwana a tasha, guzuri ya ƙare. Ta sauke shi a zaurenta, ta karɓe takardunsa, ta sake tura shi wani garajin da ya taɓa neman aiki aka sallame shi.

Mai garajin ya ce, "Kai ne kuma? Gidan wa ka sauka?"

"Gidan Madam Baturiya."

"To, shiga ƙarƙashin motar nan mu gani."

Ba takarda ake nema ba, ƙofar da za a ƙwanƙwasa ce in wani abu ya ɓace.