Ƙanzon Tomezo

Wani dare cikin tsananin sanyi, tsoho Kihachi ya ji kukan gyare ta jikin bango. Gyare kuwa ba ya kuka da ƙanƙara a ƙasa, balle a gaya wa irinsa, mutumin da ya tashi yana farautar ƙwari a dajin gora. Ya kasa kunne. Ashe kiɗa ne, siriri, mai maimaita kansa. Da ya gane shi sai ya tashi zaune.

Bangon nan shi ya raba ɗakinsa da na Tomezo, abokinsa tun suna aikin jirgin ƙasa, wanda ya rasu, ko kwana arba'in da tara na zaman makokinsa ba su cika ba.

Shekarun baya jikokinsu sun bar musu wasu na'urorin wasa masu cika tafin hannu. A ciki kai matafiyi ne, kana kutsa ciyawa, dodanni na faɗo maka. Ka gajiyar da dodo, ka kama shi, ka raɗa masa suna, ka yi ta kai shi faɗa har ya ƙasaita. Tsofaffin nan suka kamu, har shayinsu kan huce ba su kurɓa ba.

Akwai wani dodon dutse da ba ya rikiɗa sai ya sauya hannu. Sai an haɗa na'ura biyu da waya, ka miƙa wa wani, ya rikiɗe a wurinsa, sannan ya maido maka. Tomezo ya shekara yana rainon nasa. Ya sa masa suna Ƙanzo, wai launinsa ɗaya da gindin tukunyar shinkafa. Ranar da ya miƙa shi ga Kihachi don ya rikiɗe, Kihachi ya ba shi wani ɗan dodo mai kama da ɓera ya riƙe kafin nan.

Ƙanzo ya rikiɗe, ya zama ƙato mai ƙaho. Kihachi ya duba ya sake dubawa, sai ya zare wayar.

"Kai, tsohon biri, maido min da kayana," in ji Tomezo.

"Bari ya kwana a gidan mutunci. A wurinka ma me yake ci?"

Da wasa ya faɗa. Washegari Tomezo ya kira shi ɓarawo a gidan wankan jama'a, gaban mutane, shi kuma ya rantse ba zai mayar ba sai an ba shi haƙuri. Shekara tara ke nan. Gaisuwa ta koma ɗaga kai. Kihachi ya so ya sauya wa dodon suna, wasan ya ƙi: wanda aka karɓo, sunan da mai shi ya sa masa ba ya goguwa. Daga nan ya jefa na'urar cikin akwatin tufafi.

Da gari ya waye ya tono ta, da wayar, ya ƙwanƙwasa ƙofar Shizue, matar marigayin. Ta ce ita ce ke kunna wa mijinta wasan gaban hotonsa, kusa da turare da ƙoƙon shinkafa, tunda an ce mamaci bai yi nisa ba tukuna. Ta nuna wa Kihachi allon: dodanni biyar a jere, gurbi na shida babu kowa. Ta ce shekara da shekaru haka Tomezo yake fita faɗa, ana ta kayar da shi, ya ƙi cike gurbin.

Kihachi ya durƙusa gaban hoton, ya ce, "Ga shi na kawo maka, mai taurin kai."

Ya haɗa waya, ya sa wa tasa na'urar sabon batir, ya kunna. Bai san akwai wani ɗan batir kamar maɓallin riga a cikin kaset ɗin wasan da ake zura wa na'urar ba, wanda shi ke riƙe duk abin da aka tara, kuma yakan mutu in an daɗe. Allon ya yi haske. Babu inda aka rubuta "ci gaba". Sai "sabon wasa" kaɗai.

Ya kashe, ya hura kaset ɗin, ya sake kunnawa. Sau uku.

Shizue ta ajiye shayi kusa da gwiwarsa, ta leƙa allon, ta dubi hoton.

"To, Kihachi, Ƙanzo ya isa wurinsa?"