Jakar Gwaggo Druwa

"Ba zan ajiye ba, Baffa."

Baffa Bomai ya dakata da taunar buwai, goron ƙasarmu, ya tsartar da jan yawu dab da ƙafata. Yayan mahaifina ne, shi ke riƙe da gonakin gidanmu tun rasuwar Baba, kuma shi ne kansilan ƙauyenmu. Ba a saba ce masa a'a ba, balle a bakin kasuwar Kundiawa, da rana tsaka.

"Ke Teresiya, ban hana ki wasanki ba," ya ce a hankali. "Ki je ki yi tsalle-tsallenku na 'yan jami'a, mutane su yi dariya su watse. Amma jakar nan ba za ta shiga kasuwa ba."

Na gyara igiyarta a goshina.

Jakar saƙa ce, irin wadda matanmu ke ɗaukar kaya da jarirai a ciki, ja da ruwan ɗorawa, da wani layi baƙi mai karkacewa a gindinta. A wajenmu mace kan gane hannun da ya saƙa jaka kamar yadda take gane muryar maƙwabciyarta. Baƙin layin nan mutum ɗaya ce take yin sa: Gwaggo Druwa, ƙanwar Baffa uwa ɗaya uba ɗaya.

Ina shekarar ƙarshe ta koyon wasan kwaikwayo a jami'a a Mosbi, babban birni, jikan Baffa ya mutu bayan zazzaɓi. Aka ɗauko mai duba, ya zagaya da gorarsa, ya nuna ɗakin Gwaggo, ya ce ita ta cinye zuciyar yaron. Bazawara ce, ba ta da ɗa namiji da zai tsaya mata. Samari suka gasa ta da ƙarfe, suka ƙone ɗakin. Ta kuɓuta zuwa Lae, can ciwon ya ƙarasa ta. Babu wanda ya shafa mata farar laka a fuska, yadda muke makoki, babu wanda ya yi mata kuka a fili. A lokacin ni ina kan dandamali cikin rigar sarauniyar wata ƙasa mai ƙanƙara, ana tafa mini, ban ma san amfanin abin da nake koya ba. Sai da jakar ta iso hannuna ta wajen wata 'yar cocinsu na gane abin da zan yi da shi.

"Kin san abin da za su ce," in ji Baffa. "Maitar nan daga mace take bin mace. Duk wadda ta ɗauki kayanta, ta gaje ta. In suka faɗa, ni kaina ba zan iya tare miki ba."

"Ita ma ai ba ka tare mata ba."

Ya dube ni kamar zai kai mari, sai ya juya ya shiga cikin mutane.

Gande yana jirana bayan rumfar masu kabeji. Ajinmu ɗaya, mu biyu ne ƙungiyar wasan gaba ɗaya. Ya riga ya ɗaura gashin tsuntsu a ka, yana riƙe da gorar wasa.

"Sarauniya, fuskarki ta yi kamar dankalin da ya kwana a ruwa," ya ce. "Har yanzu muna iya aron jakar wata. Wasan bai ambaci suna ba, bai ambaci ƙauye ba."

"In babu ita, tatsuniya muka zo yi."

"To, ni dai na ci gudu a makaranta. Ke kuwa ko kaza ba ki iya kamawa."

Na buɗe ƙullin lakar da na ɗebo a bakin rafi, na shafe fuskata, har laka ta shiga mini ido.

Gande ya fara. Ya yi ta zagaye yana shinshina kabejin mutane, yana tambayar gora ko akwai alade a ladansa. Kasuwa ta ɗauki dariya. Masu kofi suka bar sikeli, direbobin bas suka leƙo ta taga. Wani ya ce, "Duba mini matata, malam, ta cinye albashina." Aka sake kwashewa.

Sai na shigo, na sunkuya kamar mai dawowa daga gona, na juya musu baya don jakar ta fito sosai.

Daga wajen mata dariyar ta fara mutuwa. Na ji wata ta ce, "Wayyo, hannun Druwa ne." Maganar ta bi layin masu dankali har ta kai ƙarshen kasuwa. Da na juyo suka ga farar laka, kowa ya gane makokin wa nake yi. A gaba-gaba na hango Inna zaune a bayan tulin dankalinta, ta sunkuyar da kai tana ta gyara abin da yake a gyare.

Samarin ƙauyenmu suna jingine da katanga, kowa da addarsa kamar kullum. Ɗayansu, Kiagi, tare muka yi firamare. Ya miƙe tsaye.

Kalmomin da na haddace suka gudu, sai abin da aka koya mana ya rage: kafa ƙafa, ja numfashi daga ciki, aika murya ga na can baya. Na buɗe baki.

"Wa na goya a jakar nan? Ku duba gindinta, har yanzu da shatin bayanku. Wa na ba dankali da zafinsa ranar da uwarsa ta tafi asibiti?"

Dutse ya same ni a kafaɗa. Na biyun ya fasa mini gira, jini ya gangaro ya haɗu da laka. Na ji fitsari yana neman kuɓuce mini. Gande ya manta da wasan, ya zo ya tsaya a gefena da gorarsa, yana haki.

"Mayya ce," in ji Kiagi, ba da ƙarfi ba. "Ta gaje ta."

Ban gudu ba. Ba jarumta ba ce kaɗai, ƙafafun ma sun ƙi ɗaguwa. Na faɗi sauran maganar har ƙarshe, na kira sunan Gwaggo wanda ba ya cikin wasan, na yi mata kukan da ake yi wa mamaci.

Wata tsohuwa mai sayar da gyaɗa, ban san ta ba, ta tashi ta rataya jakarta. Ta kusa da ita ma ta tashi. Ba su dubi samarin ba, sai dai suka taho kamar masu neman mota, da kayansu a baya, har suka sa mu a tsakiya. A haka suka tura mu bakin titi.

"Shiga, 'yar nan, kada ki waiwaya," in ji tsohuwar. "Taurin kai kamar na gwaggonki."

Na waiwaya duk da haka. Inna ba ta tashi ba. Tana da ƙannena mata a gida, na san lissafin da take yi.

Yanzu a Goroka nake. Ni da Gande muna kai wasan makarantu da harabar coci, kuma duk inda muka je sai wata mace ta jira kowa ya watse, ta zo ta taɓa jakar ta faɗa mini sunan wata da aka yi wa irin abin da aka yi wa Gwaggo. Har yau in na ga namiji ya miƙe cikin 'yan kallo, sai na duba ko akwai adda a hannunsa.

Baffa ya raba gonar Baba, babu rabona. Wanda zai auri ƙanwata ya janye aladun sadakinsa. Inna ta aiko a ce mini kada in zo, ko da na ji ta mutu. Ban ajiye jakar ba, kuma ba ni da gida.