Kan Maimunat

Man miƙar da gashi ne ya cinye kan Maimunat. Ta je bikin ƙawarta a Rijiyar Zaki, 'yan mata suka zaunar da ita suka lafta mata shi, suka ce ta daure, wai zafin shi ne alamar yana aiki. Ta daure har fatar kanta ta saɓule. Kwana uku gashin ya yi a kwance luf kamar gemun masara, daga nan ya fara bin mataji.

Da ta dawo ƙauyensu a bayan Tsanyawa, uwarta Inna Larai ba ta yi faɗa ba. Ta zare mata ɗankwali, ta dubi kan, ta sa aka kawo reza. Maƙwabciya ce ta yi askin.

Gashi dai yana tsirowa, kowa ya sani. Abin da ke cin Maimunat daban ne. Ita 'yar fari ce, kuma Inna Larai mace ce mai alkunya irin ta da: ba ta kiran sunanta, ba ta zama da ita a tabarma ɗaya, ko ciwo take yi sai dai ta tura ƙanwar yarinyar ta dubo. Kitso kaɗai ne ya gagari alkunyar, don gashin yarinyar cunkus yake, duk unguwar ba mai iya masa sai ita. Duk bayan mako biyu, ranar Alhamis da la'asar, Maimunat takan ɗora kai a cinyar uwarta, tana shaƙar hayaƙi da man shanu a zaninta, kibiya tana tsaga mata kai. Ba sa hira. Iyakarta dai a ce mata ta juya, ko ta daina motsi. Wannan ya ishe ta.

Yanzu ba abin kitsawa, ga shi an sa ranarta da Abdulkabir bayan kaka, kuma Gezawa za a kai ta. Wata shida ya rage.

Sai ta zage wa kan nan kamar gonar da aka makara shuka. Ta jiƙa karkashi ta wanke shi da yauƙin, ta bar sabulun wanki da ta saba. Ta shafa man kaɗanya tun kan yana da danshi. Ta daina tamke ɗankwali, ba ta sa mataji sai yatsu. Ƙannenta suna tsokanarta wai ta zama soja, ba ta kula su. Duk Alhamis sai ta ja gashin ta gwada da gaɓar yatsa, ta saci kallon Inna tana yi wa 'ya'yan mutane kitso a gindin darbejiya, kansu a inda nata yake kwanciya.

Tabon ya warke. Gashin ya fito baƙi wuluk, mai laushi, ya fi na da kyau. Amma gashi ba ya sauri don mutum yana sauri.

Saura kwana tara biki, aka gama cire gyaɗa, ta wanke kai ta zo ta durƙusa ba tare da an kira ta ba. Inna Larai ta miƙe ƙafa. Ta tsaga, ta kama, ya zame. Ta sake kamawa daga ƙeya, ya sake zamewa. A karo na uku ba ta kama ba, ta dai bar tafinta a kan, ya daɗe a wurin.

"Bai kai ba," in ji ta. "Tashi, ke."

"Inna, ko manya-manya ne, guda huɗu."

"Zai tsinke. Ki ci gaba da karkashin, kar ki bari a ja miki gaban goshi."

Da gashinta ya isa kitso, tana Gezawa. Wata mata ce a layinsu take yi mata, a kan kujera, tana yi tana amsa waya. Matar ta iya, ba laifi. In Maimunat ta zo ganin gida da salla, daga bakin ƙofa take gaida uwarta, a amsa mata ana kallon tukunya, kanta a kitse tsaf ba abin da za a taɓa.