Kogin Ruwan Wanke Hannu

Bayan tuwon rana, barci ya fara fizgar Liman Haladu a zauren taron fahimtar juna tsakanin addinai. Mai jawabi na uku ke nan yana cewa duk 'ya'yan Adamu ne, shi kuwa Liman sai hararar Fasto Markus yake, wanda aka zaunar kusa da shi. Ya tsani mutumin har cikin ransa. Shekara tara ke nan da rikici ya ci ƙaninsa Sabi'u a tsallaken gada, unguwar su Fasto. Can aka binne shi, aka toshe gadar, Liman bai taɓa ganin kabarin ba. Yau za su sa hannu a buɗe ta, shi kuwa ya rantse ba zai sa ba. Da safe shi da Faston sun yi musabaha don masu hoto, ya zagaya ya wanke hannunsa da sabulu har sau uku, kamar yadda ya saba kowace shekara.

Kansa ya faɗi kan ƙirji. Sai ga kujeru sun miƙe suna fita da ƙafa huɗu kamar awaki, kowace ɗauke da mai ita. Lasifika tana aman fararen tattabaru, suna faɗowa matattu, mutane suna tafi.

"Taso, munafuki," in ji wata murya.

Butar da ya wanke hannu da ita ce, tsaye a gabansa, tana nuna ƙofa da dogon bakinta.

"Ni kike zagi?"

"Ni na zuba maka ruwan. Biyo ni."

Bangon zaure ya narke, suka tsinci kansu bakin wani kogi fari fat, kumfa tana tashi, ba kifi ba kwaɗo. A can tsallake ga Sabi'u cikin likkafani, yana ɗaga hannu, bakinsa na motsi, amma rurin ruwa ya cinye maganar.

Hankalin Liman ya tashi. "Wa ya haƙa wannan kogi tsakanina da ɗan'uwana? Su Fasto ne ko?"

"Ruwan wanke hannu ne," in ji buta. "Duk taro yana ƙara kamu ɗaya."

Ya duba ta saman kogin, sai ga Fasto Markus a tsallake durƙushe yana dirzar tafinsa har fata tana saɓulewa, shi ma idonsa na kan 'yarsa da rikicin ya ci, tana tsaye a gaɓar da Liman yake, ba takalmi a ƙafarta.

"Allah ya ƙara!" Liman ya daka masa tsawa. "Dirza har ƙashi!"

Yana rufe baki ruwa ya taso, ya kai wa Sabi'u ƙirji, ya kai wuya. Liman ya duba hannunsa, ashe daga yatsunsa kumfar ke zuba. Ya dunƙule, ta ƙi tsayawa.

"Yaya!" Wannan karon ya ji muryar sarai.

Firgigit ya farka. Zaure tsit, takarda a gabansa, duk ido a kansa. Fasto Markus ya riga ya sa hannu, yana miƙo masa biro, fuska a murtuke, yana kallon gefe.

Ƙanshin sabulun nan ne ke tashi daga hannun Faston, irin na hannun Liman sak.

Liman ya karɓi biron, ya sunkuya kan takardar.