Babban Yatsan Inna

"Inna, kin san matar nan?" in ji Lauya, tana nuna ni da bakin biro.

Inna ta juyo da kanta a kan matashi, ta ƙura mini ido. Can ta ce, "Sarkin gaggawa ce. Ko haihuwa ba ta jiran lokaci."

Lauya ta yi murmushi ta rubuta wani abu. Sai a lokacin na saki numfashina.

Inna tsohuwar ungozoma ce, katanga ɗaya ta raba mu. Gidan da na shekara goma sha huɗu ina haya nata ne, kuma wata biyu ke nan da na saye shi. Kuɗin ɗinkina ne da na filin gadona, na kai mata su a jakar leda, daga ni sai ita sai Allah. Da na yi zancen rasit, harara ta galla mini, wai ita ta yanke cibiyar 'ya'yana uku, ko a lokacin ma rasit ta ba ni? Na yi dariya na tafi. Har yau ina jin haushin dariyar nan.

Lauyar da na nemo ta rubuta mana takarda kuwa, da ta ji labarin dafe kai ta yi. Ta ce sai ta binciki takardun gidan a ofishin filaye tukuna, kada na sayi rigima. Binciken ya ci mako shida, a na biyar Inna ta faɗi a banɗaki. Yanzu ga ta kwance, ɗanta yana kan hanya, bai san da ciniki ba, kuma ya daɗe yana cewa shaguna zai gina a wurin.

"Kin karɓi kuɗin gidan daga hannunta?"

"Na karɓa," in ji Inna. "Cif."

Na ɗauka an gama, ashe da saura. Lauya ta ce dole ta karanta mata yarjejeniyar gaba ɗaya, sannan Inna ta dangwala yatsa a gabanta da gaban shaida. Shafi uku ne, kuma baiwar Allah nan ba ta san tsallake ko ɗigo ba. Tana karanta iyakar gabas da iyakar yamma, ni kuwa ƙirjin Inna nake kallo, yana tashi da ƙyar yana komawa. Fanka tana ta ƙara a sama. Na ji kamar in fizge takardar.

Ta gama, shaidanmu bai iso ba. Mai kemis ne na bakin layi, ya ce minti biyar, an fi rabin awa. Lauya ta buɗe gwangwanin tawada ta ajiye a kan kujera kusa da kwalaben magani, ta ce bari ta je ta taho da shi da kanta.

Ko ƙofar gida ba na jin ta kai lokacin da Inna ta ja wani dogon numfashi. Na jira na gaba, bai zo ba.

"Inna," na ce. "Inna."

Matar nan ta goya mini yara, ta kwana a kaina ina zazzaɓi. Amma ba zan yi ƙarya ba, ba kuka na fara yi ba, ba kuma salati ba. Ƙofa na kalla. Na kama hannunta, da ɗuminsa, na danna babban yatsan a tawada, na ɗora shi a kan layin da aka rubuta mai sayarwa. Ya fito raɗau.

Da suka shigo, mai kemis ya taɓa wuyanta, ya yi salati ya fita sanar da maƙwabta. Lauya ta daɗe tana duban takardar.

"Kafin ne ko bayan, Yaya?"

Na kawar da kaina na kalli yatsan Inna.

"To ba zan sa hannu ba," ta ce a hankali. "Abin da ta faɗa a gabana zan maimaita wa ɗanta, in ya ƙi in maimaita a kotu. Zai ɗauki lokaci, ban kuma yi miki alkawari ba. Amma wannan takardar in ta fita ɗakin nan, ba gida kaɗai za ki rasa ba."

Ta ninke ta huɗu ta sa mini a tafin hannu, ta rufe tawadarta ta fita tsakar gida.

Sai a lokacin kukan ya zo, da kunya mai nauyi a cikinsa. Na ji mota ta tsaya a waje, na ji muryar ɗanta yana tambayar jikin Inna. Na jawo kofin ruwanta, na tsoma bakin gyalena, na ɗora hannunta a cinyata ina gogewa. Saman ya fita, amma shuɗin ya riga ya shige cikin zanen fatar. Ina cikin gogawa inuwarsa ta faɗo a kan labule.