Ɓarawon Wuta a Motar Don Evaristo

Shekara talatin da biyu Don Evaristo Quiroga ya yi yana jan bas a birnin Mendoza. Da ya ajiye aiki sai ya sayi wata tsohuwar bas, ya fitar da kujerun, ya sa gado da murhu da firji, ya ɗora farantin sola a sama. Shi da matarsa Nélida suka shiga yawon ƙasa.

Matsala ɗaya ce, batirin da ke ba ɗakin motar wuta ba ya kai su ko'ina. A garin Malargüe firji ya mutu, naman da suka tanada don gashin Lahadi ya yi wari.

"Na'urar busar da gashin nan taki ce," in ji Evaristo. "Ita ke shanye mana wuta."

"Minti uku nake yi da ita, tsoho. Gashin nawa ne ya rage mini?"

Suka yi ta musu har garin San Rafael, inda suka tsaya a shagon wata mai haɗa wutar motoci, Doña Perla. Ta saurare su, ta jera musu na'urori uku a kan tebur.

"Wannan ƙaramar ƙarfin batir kawai take nunawa, da rana ta ce ya cika, da yamma ta ba ku kunya. Biyun nan kuwa suna auna duk wutar da ta shiga da wadda ta fita. Ɗaya tana da allo a bango, ɗaya a wayarka za ka gani."

Evaristo ya yi wuf ya ɗauki ta wayar.

"Ajiye ta, maigida," in ji Nélida. "Wato kai kaɗai ka duba, ka faɗa mini abin da ka ga dama? Ta bango za mu saya, a kafa ta inda ido huɗu za su gani."

Ya so ya yi gardama, sai ya ga har Doña Perla ta ɗauko sukudireba.

Kafin la'asar an gama haɗawa. Doña Perla ta sa aka kashe komai, fitilu, firji, famfon ruwa. Allon ya kamata ya nuna sifili, amma sai ga shi yana nuna wuta na fita.

"Akwai abin da ke ci," ta ce. "Kuma ba ƙarami ba ne."

Evaristo ya fara kallon rufi.

Ta kunna tocila, ta bi wayoyin ɗaya bayan ɗaya, har ta ci karo da wata siririya da aka naɗe da baƙin salatif, ta bi ta ƙarƙashin tabarma zuwa kujerar direba. Ta ɗaga kujerar. Wani ɗan akwatin sanyi ne a ɓoye yana ta gurnani. Nélida ta buɗe: salami guda uku, naman nan mai kitse da ake curawa kamar sanda, da cuku mai gishiri, duk abin da likita ya hana mijinta tun bara.

Nélida ta juyo ta kalli mijinta.

"Na baƙi ne," in ji Evaristo.

"Wata biyar kana zagin gashina saboda baƙi?"

Doña Perla ta yi dariya har sai da ta zauna a matakalar mota. Nélida ta so ta ɗaure fuska, abin ya gagara. Ta ciro wuƙa da faranti.

"To ga baƙuwa nan. Doña Perla, matso kusa."

Suka zauna a inuwar shagon, ana zagaya ƙoƙon shayin mate. Matan biyu suka ci rabin salami, Evaristo aka ba shi yanka ɗaya siriri, ana hango rana ta cikinsa. Ya ci a hankali. Ragowar da akwatin duka Nélida ta bar wa mai shago.

Washegari suka kama hanyar tafkin El Nihuil. Kwana huɗu suka yi a bakin ruwa, firji bai ko yi tari ba. A rana ta uku Evaristo ya kama kifi babba, Nélida ta gasa masa da lemun tsami, ta ce wannan ya ci har ya ƙoshi.