Riƙe Mini Daga Ciki

Daren jiya na yi wani mafarki, wai ga ni a garejinmu na Tudun Wada da rana tsaka, sai dai garejin ya koma saman bishiyar darbejiya. Ban yi mamaki ba. Na cire takalmi na hau, don na ga kowa haka yake yi.

A can sama na tarar da jar motarmu. Motar nan a kwalaye ta zo hannunmu, wani malamin jami'a ne ya bar wa yayana Tanimu ita da zai bar gari. Jikinta ba ƙarfe ba ne, faiba ce, irin wadda ake yin tankin ruwa da ita. Shekara shida muna haɗa ta, duk Juma'a bayan an sauko daga masallaci. Komai ya kammala sai ƙofar fasinja. Ranar da za mu rataya ta, Yaya yana ciki ya tallabe ƙofar, ni ina waje ina ɗaure kusar hinji. Ya ce ya isa. Ni kuwa mutumin ƙarfe ne, hannuna bai san ya isa ba, na ƙara rabin juyi. Ramin ya cinye, kusar ta kama juyawa a banza, hinji ya saki. Na ce laifin faiba ne, ya ce laifin kunnena ne, muka rabu a kan sai Juma'a mai zuwa. Ranar Laraba muka kai shi makwancinsa. Shekara uku ke nan, kuma wallahi kewarsa ba ta ragu ba.

A mafarkin ƙofar tana jingine da reshe, gefen motar a wangale, amma ba a ganin komai a ciki. Sai na ji tari daga ciki, tarin da na sani.

"Mudi, kai ne? Juma'ar ta yi?"

"Ta yi, Yaya."

Na ɗaga ƙafa zan shiga, ƙafar ta ƙi wucewa. Wata akuya mai tabarau da ke zaune a kan taya ta ce, "Malam, ba a shiga ta inda babu ƙofa."

"Ai ga shi a buɗe."

"Wa ya buɗe? Sai an rufe abu sannan a buɗe shi. Rataya ƙofarka ka ga ɗan'uwanka. Ka kawo ramin kusar zuwa ofis."

Na ɓamɓare ramin daga jikin motar na sa a hula.

Sai ga ni a ofis. Akuyar ce dai a bayan tebur, ta riga ni zuwa. Mutane na layi kowa da raminsa, wani na aljihu, wani na haƙori. Da aka zo kaina ta ɗaga nawa ta leƙa ni ta cikinsa.

"An yi wa wannan dole. An ce maka ya isa?"

"An ce."

"Ka ji?"

"Na ji, ranki ya daɗe. Hannuna ne bai ji ba."

Ta buga wa ramin hatimi. Na ce a ba ni injin walda in ɗinke shi yanzun nan. Aka kawo, na kunna, sai kunun gyaɗa ya riƙa zuba daga bakinsa. Akuyar ta girgiza kai ta ce duk 'yan fanel bita haka suke, komai sai wuta. Ta ba ni faifan ƙarfe kamar tafin hannu, da gwangwanin ruwan faiba, da ƙyallen zarenta, bayan ta ɗan gutsiri gefen ƙyallen ta tauna. Ta ce faiba ba ta riƙe kusa ita kaɗai, sai an sa mata ƙarfe ta baya. Kuma dole wani ya danne ƙarfen daga ciki har ruwan ya kama.

Na koma kan bishiya ana ruwa. Daga ƙasa yake tasowa, don haka mutane sun juya lemarsu sun tsaya a ciki. Na mayar da ramin inda yake, na kankare gefensa, na tura faifan ta cikinsa, ya wuce ba gardama.

"Riƙe, Yaya."

"Na riƙe."

Na jiƙa ƙyallen da ruwan faiba na cika ramin. Saura jira, abin da ban taɓa iyawa ba. Inda na kankare fenti faibar ta yi shara-shara, sai na ga inuwar tafin hannunsa ta ciki, har da ɗan yatsan da fanka ta taɓa lanƙwasa masa. Na ɗora nawa a kai. Wurin ya ɗauki ɗumi. Ruwan faiba yakan yi ɗumi in zai kama, na san da haka, amma ban gaya wa kaina ba.

"Kana tayar da motar?" ya tambaye ni.

"Duk Juma'a. Ban dai taɓa fita da ita ba."

"Saboda ƙofa ɗaya?"

"Babu mai riƙe mini daga ciki."

"Gari cike da mutane, Mudi."

"Ba su iya ba."

Ya yi dariya har motar ta girgiza, ganye ya zubo sama. Na so ruwan nan ya yi shekara bai kama ba, mu yi ta zama a haka. Amma ya ƙwanƙwasa daga ciki ya ce ya kama.

Na huda sabon rami, na ɗora ƙofar a gwiwa, na sa kusa na fara ɗaurewa da sifana. Juyi ɗaya, biyu, har bakwai.

"Ya isa," in ji shi.

Sifanar ta ɗago kai ta dube ni ta ce, "Maigida, rabin juyi kawai." Na ajiye ta a kan reshe, na tura ƙofar, ta rufu ruf.

"Ka gani? Ashe kunnen yana aiki," ya ce. "Buɗe mana, mu je Shika mu dawo kafin la'asar."

Na kama mariƙin na ja a hankali. Ƙofar ta taho tana kuka, ƙiii. Na ga bakin hannun rigarsa, shuɗiyar nan mai tabon baƙin mai. Na ƙara ja, kukan ya ƙaru, ƙiiii, har ya cika bishiyar.

Ƙofar kicin ce. Matata Saude ce ke jan ta, tana mita wai tun yaushe take cewa in sa wa hinjin nan mai.

Na ce mata to. Na daɗe a kwance ban buɗe tafin hannuna ba, don da sauran ɗumi a ciki.